Sabunta birni a Zariya: An gyara tituna da kasuwanni, an bar ɗan haya a baya

Duk wanda ya shiga mota daga PZ ya nufi Samaru, ya ratsa Kwangila da Palladan da Zango, zai ga garuruwa biyu a cikin gari guda. A bakin titi akwai kwalta da sababbin shaguna da gidajen mai da benaye masu ƙyalli. Idan kuwa ya sauka ya yi tafiyar minti biyar cikin lungu, a Muciya ko Cikaji ko Hayin Dogo, zai tarar da gidajen haya masu ɗakuna a jere, iyali biyar ko shida suna layin banɗaki ɗaya, ruwan kwata yana bin gindin katanga, 'yan garuwa kuma suna tura kura daga ƙofa zuwa ƙofa.

Tun daga shekarar 2019 da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da shirin sabunta birane, an yi ta muhawara a kan amfaninsa da illarsa. Masu yabo suna nuna tituna, masu suka suna nuna kangayen da rusau ya bari. Sai dai akwai mutumin da ba a cika jin muryarsa a muhawarar ba, wato ɗan haya, tare da ɗan'uwansa wanda ya gina gida a kan takardar ciniki ta hannun mai unguwa. Waɗannan su ne suka cika lungunan Sabon Gari da Samaru, kuma su ne tsarin bai yi lissafi da su ba.

Layin da Turawa suka shata

Bambancin muhalli a Zariya ya girmi kowace gwamnatin farar hula. Bayan da Turawan Ingila suka mamaye Zazzau a 1902, kuma layin dogo ya iso a wajejen 1911, sai aka kasa mazauna gida-gida. Birnin Zariya na cikin ganuwa aka bar wa Zage-zagi a ƙarƙashin Sarki. Sabon Gari aka keɓe wa ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa, akasarinsu daga Kudu. Tudun Wada ta zama masaukin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Su kuwa Turawa suka yanka wa kansu unguwar da a yau ake kira GRA, mai faffaɗan filaye da itatuwa.

A ƙa'idar da Lugga ya shimfiɗa, wadda Dokar Garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, dole ne a bar fili na yadi 440 ba tare da gini ba tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don kariya daga cututtuka. Gidan Bature ɗaya yana zaune a filin da zai ɗauki gidaje da dama a Sabon Gari. Da aka sami 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata da hafsoshi suka gaji waɗannan gidaje, tsarin kuma ya ci gaba yadda yake. Launin fata ya daina raba unguwanni, matsayi da aljihu suka karɓe shi.

Sabon Gari ita ma an shata ta da layuka madaidaita, amma don jama'ar da ba ta kai kaso kaɗan na ta yau ba. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda Samaru take cikinta, tana da mutum kimanin dubu 290. Shekaru sun shuɗe tun daga lokacin, an haifi wasu, wasu sun zo karatu ko kasuwanci, wasu kuma rashin tsaro ya koro su daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da maƙwabtan jihohi. Fulotin da aka yanka wa iyali ɗaya ya koma gidan haya mai ɗakuna goma sha, tsakar gida ta zama ɗaki, zaure ya zama shago.

Samaru: garin da ya tashi a bayan katanga

Labarin Samaru ya fi fito da wannan bambanci fili. Garin ya bunƙasa ne a jikin tashar binciken aikin gona da aka kafa a shekarun 1920, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a watan Oktoban 1962. A cikin harabar jami'a an tsara komai: gidajen malamai, tituna, makarantar yara, asibiti, har da madatsar ruwa ta Kubanni. A ɗaya gefen hanyar Sakkwato kuwa, leburori da masu dafa abinci da direbobi da masu gadi, waɗanda jami'ar ba za ta yi kwana ɗaya ba tare da su ba, suka nema wa kansu wurin kwana yadda hali ya yi.

Da yawan ɗalibai ya zarce gadajen da ke ɗakunan kwanan jami'a, sai dubbansu suka tsallako titi neman haya a Samaru da Danraka da Zango da Palladan. Komawar Asibitin Koyarwa na jami'ar zuwa Shika a 2005 ta ƙara jawo ma'aikata da masu jinya zuwa wannan yanki. A nan ne kasuwar haya ta sauya fuska. Mai gida ya gane cewa idan ya fasa tsohon gidan iyali ya mayar da shi ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, ɗalibai biyu ko uku za su haɗa kuɗi su biya na shekara nan take. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar, wanda yake biya da kaɗan-kaɗan, ba zai iya wannan takara ba. Sai ya tattara ya matsa ciki, can bayan Hayin Dogo ko hanyar Bomo ko Basawa, inda babu kwalta, babu famfo, makaranta kuma ta yi nisa.

Babu laifin ɗalibi a nan, kuma ba a ga laifin mai gidan da yake neman abin rufin asiri. Giɓin na hukuma ne. Cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke wannan yanki, daga jami'a zuwa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da barikokin soja, suna riƙe da manyan filaye, suna kuma jawo jama'a, amma ba a taɓa yin shirin muhalli da ya yi daidai da jama'ar da suke jawowa ba.

Abin da shirin sabuntawa ya kawo

Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ƙaddamar da shirin sabunta birane a Kaduna a tsakiyar 2019, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Zariya da Kafanchan. Ginshiƙan shirin su ne tituna da gadoji da fitilu da kasuwanni. A Zariya an faɗaɗa wasu tituna, an yi magudanan ruwa, an kuma rushe tsohuwar Kasuwar Sabon Gari aka sake gina ta. A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci jihar don buɗe wasu daga cikin ayyukan.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan ayyuka suna da amfani. Ɗan kasuwar da motar kayansa take maƙalewa a taɓo da damina ya san darajar kwalta. Tsofaffin kasuwanni masu rumfunan katako da wayoyin lantarki a harɗe sun sha jawo gobara a garuruwan Arewa. Hukumar KADGIS da aka kafa don rajistar filaye ta kwamfuta ta rage yadda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku.

Amma titi yana da wata ɗabi'a da masu tsara birane suka daɗe da sani. Ranar da aka shimfiɗa kwalta, darajar kowane fili da ke bakinta takan tashi. Wannan riba tana shiga aljihun mai fili ne ba tare da ya ɗaga ko bulo ɗaya ba. Ɗan hayar da ke cikin gidan kuwa, abin da yake samu shi ne takardar ƙarin kuɗi ko ta sallama, domin mai gida ya sami wanda zai mayar da wurin shaguna. Kuɗin da aka yi titin da su na kowa ne. A watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba. Wannan bashi ɗan haya ma yana cikin masu biyansa, ta hanyar haraji da kuma ayyukan da za a fasa yi saboda shi.

A kasuwa ma haka abin ya kasance. Tsohuwar kasuwa tana da masu shago, tana da masu haya a hannun masu shago, tana kuma da masu tebur da masu baza kaya a ƙasa. Sabon gini ya zo da farashin da 'yan kasuwa da dama suka koka cewa ya fi ƙarfinsu. Wanda yake da jari ya sayi shago, wani ma ya sayi biyu. Mai tebur kuwa ya koma bakin titi, inda jami'ai suke korarsa saboda yana ɓata sabon tsari. Wanda ya rasa wurin sana'a wata shida, da wuya ya iya biyan kuɗin hayar gida a ƙarshen shekara. Ta nan rushe kasuwa yake zama matsalar muhalli.

Rusau da mutumin da doka ba ta gani

Tun yana Ministan Abuja tsakanin 2003 da 2007 aka san El-Rufa'i da rusau, kuma Zariya ta ɗanɗana tun a shekararsa ta farko a mulki, lokacin da aka rushe gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen makarantu, ciki har da na Kwalejin Alhudahuda. Mafi girma a yankin Sabon Gari shi ne na watan Oktoban 2021, inda hukumar KASUPDA ta rushe gidaje fiye da ɗari a unguwar Graceland. Hukumar ta ce filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, mazauna kuwa suka ce suna da takardu kuma maganar ta riga ta je kotu.

Ko wane ɓangare ne yake da gaskiya, akwai tambayar da ba a amsa ba. Gida ba ya tsirowa cikin dare. Wani ne ya yanka filin, wani ya sa hannu a takarda, wani ya karɓi kuɗi, wani ya kawo wutar lantarki, jami'ai kuma suna wucewa suna ganin gini yana tashi shekara da shekaru. Idan ranar hukunci ta zo, sai katafila ta sauka a kan mutum ɗaya tak, wanda ya zuba kuɗin fanshonsa ko na gadonsa a ginin. Ba a cika jin an gurfanar da waɗanda suka sayar ko suka kau da kai ba.

Tushen matsalar yana cikin Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Dokar ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, ta kuma shar'anta cewa sayar da fili mai takardar shaida sai da amincewarsa. Talakan Samaru ko Dogarawa kuwa yadda ya gada yake sayen fili: dillali, mai gona, shaidu, da hatimin mai unguwa ko dagaci. A idon jama'a ciniki ya faɗa. A idon hukuma kuwa, matuƙar bai bi ta ofis ya sami takardar shaidar mallaka da izinin gini ba, matsayinsa yana rawa. Kuɗin safiyo da na zane da na rajista da zirga-zirga sukan sa da yawa su haƙura.

Ko a inda aka biya diyya, dokar ta ɗora ta ne a kan abin da aka gina ko aka shuka a filin. Ɗan haya bai gina komai ba, saboda haka babu abin da za a ƙiyasta masa. Kuɗin hayar da ya biya na shekara ya tafi, la'adar dillali ta tafi, yara sun bar makaranta a tsakiyar zango, abokan cinikin matarsa da take sayar da abinci a ƙofar gida sun watse. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai kyau, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

Lissafin ma'aikaci da ɗan kasuwa

Wani zai ce mafita ita ce kowa ya mallaki gidansa. Bari mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa ya zama naira dubu 70 a 2024, Jihar Kaduna kuma ta sanar da dubu 72. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin waɗanda ke cikinsa, yana ba da lamuni ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, har zuwa shekara 30. Wannan yana cikin lamunin gidaje mafi sauƙi a ƙasar nan.

A kan waɗannan sharuɗɗa, lamunin naira miliyan 10 yana bukatar biyan kusan naira dubu 60 duk wata. Mai albashin dubu 72 zai rage da dubu 12 na abinci da mota da makaranta da magani. Idan kuwa aka tsaya a kan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, wato dubu 24, lamunin da zai iya ɗauka bai wuce naira miliyan huɗu ba. A farkon 2024 buhun siminti ya kai naira dubu 10 a kasuwanni da dama. Ke nan dukan lamunin nasa kuɗin buhu 400 ne, ba a yi maganar fili da rodi da kwano da katako da ladan magina ba.

Ɗan kasuwa ma ya fi shiga tsaka mai wuya, domin ba shi da takardar albashin da banki zai duba, da yawa kuma suna guje wa bashi mai ruwa saboda addini. Shi ya sa akasarin gidajen Zariya ake gina su da sannu-sannu: bana fili, baɗi harsashi, bayan shekara uku ɗaki biyu da rufi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara wani nauyin. Wanda ya gudu daga tsadar haya ya koma bayan gari, yanzu abin da ya rage a haya yana zuba shi a kuɗin A Daidaita Sahu da acaɓa.

Darasi daga wasu wurare

Najeriya ta riga ta ga ƙarshen hanyar rusau. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta share unguwar Maroko, aka raba mutum kimanin dubu 300 da muhallinsu. A yau wurin yana cikin mafi tsadar filaye a ƙasar, mutanen da aka kora kuwa suka bazu suka kafa wasu unguwannin marasa tsari. An kawar da talauci daga gaban ido, an kai shi wani wuri.

Akwai wata hanyar. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun daga 1980 mazauna suka riƙa haɗa kuɗi layi-layi suna shimfiɗa bututun ƙazanta da taimakon ƙwararru, hukuma kuma ta ɗauki nauyin manyan magudanai. A Tailan, shirin Baan Mankong da aka fara a 2003 ya ba ƙungiyoyin mazauna lamuni da tabbacin zama a filayensu, suka gyara unguwanninsu da kansu. Abin da ya haɗa su shi ne an gyara wuri mutanensa suna ciki. Ko a nan gida, rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na Ƙofar Gayan shaida ne cewa an taɓa yin zamanin da gwamnati take ɗaukar gina wa mai ƙaramin ƙarfi gida a matsayin aikinta.

Abin da ya kamata a yi

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, maganin yana hannun Gidan Sir Kashim da Majalisar Dokokin Jiha.

Na farko, kafin a taɓa kowace unguwa ko kasuwa, a ƙidaya duk wanda yake ciki, har da ɗan haya da mai tebur, a lika sunayen a ƙofar mai unguwa kowa ya gani. A sanya a doka cewa ɗan haya yana da haƙƙin wa'adi isasshe da kuɗin tashi, mai sana'a kuma yana da haƙƙin wurin wucin gadi da fifiko a sabon gini.

Na biyu, a halasta tsofaffin unguwanni a dunƙule. Maimakon kowane magidanci ya yi ta sintiri shi kaɗai, hukuma ta shiga Hayin Dogo ko Cikaji da masu safiyo, ta auna layi guda a lokaci guda, ta karɓi takardar mai unguwa da shaidar maƙwabta a matsayin hujjar farko, ta ba da takardar mallaka a farashin da za a biya kashi-kashi. Mutumin da ya tabbata ba za a rushe shi ba shi ne yake gina masai mai kyau.

Na uku, a karkatar da wani kaso na kuɗin ayyuka daga manyan tituna zuwa cikin lungu: lambatu, kwalbati, kwashe shara, da jan bututu daga aikin ruwan Zariya zuwa ƙofar gidaje. Kuɗin da magidanci yake ba 'yan garuwa duk wata wani kuɗin haya ne na biyu.

Na huɗu, jami'a da sauran cibiyoyin tarayya su yi amfani da wani ɓangare na filayensu wajen gina ɗakunan ɗalibai da gidajen ƙananan ma'aikata, ko da haɗin gwiwar 'yan kasuwa ne. Duk gadon da aka ƙara a cikin harabar jami'a, sauƙi ne ga wani magidanci a Samaru.

Na biyar, a riga jama'a isa bayan gari. A yanka ƙananan filaye a hanyar Basawa da Shika da Dogarawa, a fitar da tituna da wurin makaranta da asibiti tun kafin a fara gini, a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa, da lamuni mara ruwa ga masu bukata. Idan kuma an sami gini a haramtaccen wuri, a fara tuhumar wanda ya sayar da wanda ya sa hannu.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago su ma suna da aiki a gabansu. Sun saba zama da gwamnati a kan albashi da haraji, amma ba a cika ganin kuɗin haya da takardun filaye a cikin bukatunsu ba, alhali su ne suke cinye kaso mai tsoka na abin da mambobinsu suke samu. Duk ɗan takarar da ya zo Sabon Gari ko Samaru yana ƙirga kilomitocin kwalta, ya kamata a tambaye shi iyalai nawa ne suka tashi daga bakin waɗannan tituna, kuma ina suke kwana yanzu.